Ɗakin da Baba Yake Gasa Kwamfuta

Ranar da na je ɗauko Baba daga gidan hayarsa don ya dawo zama a wurinmu, ko gama saka jakarsa a bayan mota ban yi ba ya ce sai na bi da shi ta kamfani kafin mu wuce gidana. Ya sa farar rigarsa ta aiki, wadda rabon da in gan ta tun ina 'yar makaranta. Ta yi masa yawa yanzu, kafaɗunta sun sauko har dantsensa.

"Wane kamfani kuma, Baba? Wanda ya mutu tun kafin in yi aure?"

"Ginin bai mutu ba," in ji shi. "Ja mota, Auta."

Na ja, raina a ɓace. Gaskiyar magana, ba da son raina nake kai shi gidana ba. Ya faɗi ne a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya yi rauni, likita ya ce zamansa shi kaɗai ya ƙare. Na kira Yaya a waya, ya ce, "Ki yi yadda kika ga dama, ni kam ba da ni ba," ya kashe. Mijina, Allah ya saka masa, shi ya kwashe tarkacensa daga ƙaramin ɗaki ya yi masa fenti, ya ce mahaifina ne, ni zan yanke. Abin da ke ci min rai 'yata ce. Yarinya ce ƙarama mai i'ina, mai tsoron ido, wadda in ka ɗaga mata murya sai maganar ta maƙale mata har yamma. Na san Baba, na kuma san abin da yake yi wa irin waɗannan yaran, domin ni ma a hannunsa na tashi. Na dai lallashi kaina da cewa ciwo da tsufa sun ladabtar da shi.

Baba ya shiga kamfanin nan tun muna ƙanana, a matsayin mai sauke kwalaye daga manyan motoci. Ba ƙera kwamfuta suke yi tun daga tushe ba. Kayan cikinta ke zuwa a kwali, ma'aikata su jeru a dogayen tebura, wannan ya ɗaure noti, waccan ta haɗa waya, har inji ya tashi. To kafin a sayar, kowace kwamfuta sai ta shiga wani ɗaki da ke can ƙarshen ginin, marar taga ko ɗaya, mai bututun zafi zagaye da bango. A jera su a kan kantoci, a kunna, a bar su suna aiki dare da rana na kwanaki a cikin wannan zafin. Wadda ta mutu a mayar da ita teburin gyara, wadda ta jure a sa ta a kwali. Ma'aikata suna kiran ɗakin tanderu, kuma duk wanda aka tura can sai ya ƙirƙiro ciwon ƙirji ya gudu. Baba da ƙafarsa ya je ya roƙi a ba shi aikin. Daga nan aka laƙaba masa Mai Tanderu, sunan da ya fi so a kan wanda iyayensa suka raɗa masa.

Yana da bayaninsa, kuma mun ji shi har mun haddace. Wai inji mai ɓoyayyen rauni ba ya nuna halinsa a cikin sanyi, sai an matsa masa da zafi. Wai gara abu ya mutu a hannunsa da ya je ya mutu a hannun wanda ya saya. Da a bakin ƙofar kamfani yake ajiye wannan ilimin nasa in ya tashi daga aiki, da ba ni da ta cewa. Amma gida yake tahowa da shi, mu kuma mu ne ba mu da teburin gyara.

Ni da lissafi yake kama ni. In kawo masa aikin gida na yi shi daidai, ya duba ya ce, "Ba haka ba ne." In na ɗauki abin gogewa na goge, sai ya buge min hannu, ya ce ga shi nan, ba ni da ƙashi, kowa ya hura ni zan tashi. In na kafe na ce daidai ne, sai ya ce wa ya koya min musu da babba. Ba ka taɓa sanin wanne yake so ba, kuma ba ya taɓa cewa ka yi. Har yau, ina aiki a kantin magani, in na ƙirga ƙwaya sai na sake ƙirgawa, kamar Baba yana tsaye a bayana.

Na Yaya ya fi muni. Shugaban makarantarsu ya haɗu da Baba a hanya ya yi masa albishir cewa ɗansa ya ci jarrabawa, har ya samu gurbi a makarantar gaba. Baba ya shigo gida ya ce wa Yaya wai ya faɗi jarrabawar. Ya zuba masa ido yana kallo, yaro ya daina cin abinci, ya rame, daga ƙarshe ya kai kansa garejin wani makanike. Sai da gurbin ya wuce sannan Baba ya faɗi gaskiya, ko a jikinsa, ya ce da Yaya yana da zuciya da ya taka ya je makarantar ya tambaya da kansa. Yaya yana samun na mota ya bar garin, kuma tun daga lokacin sau ɗaya ya dawo, ranar da aka binne Mama.

Ita kuwa Mama shiru yake gasa ta da shi. Ba laifin tsaye ba na zaune, sai ya ɗauke mata wuta na makonni. Ta kai masa abinci ya cinye, ta gaishe shi ya kalli bango. Ta bi ta tsargu, tana tambayarmu a ɓoye ko mun san abin da ta yi. Rana ɗaya kuma da safe sai ka ji ya ce, "Ina kika ajiye min takalmi?" shi ke nan an wuce wurin. Hawan jini ne ya kashe ta a takardar asibiti. Ni na san wanda ya hau da shi, kuma ban yafe ba.

Kamfanin ya mutu ne kamar yadda irinsa suka mutu. Ƙananan kwamfutoci na ɗorawa a cinya suka cika kasuwa, a haɗe, da arha, ba wanda zai tsaya jiran wata ƙatuwar akwati ta gama gasuwa. Sabon manaja ya fara rufe tanderu don rage kuɗin wuta, ba a daɗe ba aka rufe komai. Baba har gobe yana nan a kan cewa rufe ɗakinsa ne ya kashe kamfanin. Na taɓa ce masa ai waɗanda suka kore su daga kasuwa ba a gasa su, ga shi suna aiki lafiya. Wata guda bai amsa gaisuwata ba. Bayan nan ya kama rumfar gyara a bakin titi. Mutum ya kawo masa inji don maɓalli ɗaya ya ɓalle, sai ya riƙe masa shi mako guda a kunne, lulluɓe da bargo. Masu kawo gyara suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce su ne ba su san ciwon kansu ba.

Titin masana'antun duk ramuka ne yanzu. Na gane ginin da dogon rufinsa, amma an cire haruffan sunan kamfanin daga bango, sai inuwarsu da ta rage a jikin tsohon fenti. Warin sabulu ya tarye mu tun daga waje. Wurin ya koma gidan wanki da guga, mai yi wa otal-otal da asibitoci aiki. Mai gadi, wani ƙato mai jajayen idanu, ya taso daga benci yana yi mana kallon hadarin kaji.

"Kaya kuka kawo?"

"Ni ne Mai Tanderu," in ji Baba, ya gyara wuyan rigarsa.

"Nan ba gidan burodi ba ne, dattijo. Ku ƙara gaba."

Na yi masa bayani, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Baba kuwa ya dafa ƙofar da sandarsa ya ce ba inda za shi. Hayaniyar ce ta fito da manajar wurin, wata mata kakkaura da tarin mukullai a ƙugu, gumi ya jiƙe mata wuya. Ta saurare ni rabi da rabi, ta yi tsaki.

"Duk bayan 'yan watanni sai wani tsoho ya zo yana nuna mana bango yana ba mu tarihi. Malama, mu aiki muke yi, ba gidan kallo muka buɗe ba." Ta dubi ƙafar Baba da yake ja, ta ɗan sassauta. "Ku shiga ku leƙa ku fito. Kada ya taɓa min komai."

Ciki ƙara ce kawai da tururi. Inda dogayen teburan suke a da, manyan injinan wanki ne suke ta juyi. Amma tsohon wurin bai ɓace duka ba. Layukan fenti ruwan ɗorawa suna nan a ƙasa, ramukan da aka kafa ƙafafun tebura suna nan an cike su da siminti, ga kuma wuraren jona wuta a jere a bango, kusa da kusa, sun fi ƙarfin buƙatar kowane mai wanki. Na ɗauka Baba zai yi shiru, ko ma ya yi ƙwalla kamar sauran tsofaffi. Ina. Ya dinga bin layin yana ƙwanƙwasa injinan da sanda, yana cewa wannan ba zai kai baɗi ba, wancan ma an cuce su. Ya tsaya a kan wata mai guga ya ce ninkin zanen gadon nan da ta yi ba daidai ba ne.

Matar ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Baba, in ka iya ga dutsen guga nan. In ba ka iya ba, matsa min daga haske."

Na ji daɗin wannan amsar har cikin raina. Baba ya wuce kamar ba da shi ake ba, ya nufi ƙarshen ginin, inda wata ƙofar ƙarfe mai kauri take.

"Nan ne," ya ce, muryarsa ta sauya.

"Nan muke busar da kaya," in ji manajar. "Bututun da muka tarar muka gyara. Ba mai shiga sai ma'aikaci, shi ma ba ya daɗewa. Balle kai da ko tsayuwa ba ka iya ba."

Daidai nan aka ƙwala mata kira daga waje, motar wani otal ta iso da kaya. Ta nuna mu da yatsa ta ce kafin ta dawo mu kama gabanmu. Tana ba da baya Baba ya sa hannunsa mai lafiya ya murɗa ƙofar. Zafi ya bugo mu kamar an buɗe murfin tukunya.

"Baba, ba ka ji abin da aka ce ba? Da hawan jininka?"

Ya shige abinsa. Fararen zannuwan gado ne a rataye layi-layi tun daga rufi har kusan ƙasa, ya kutsa tsakaninsu suka rufe shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina huci. Na ce a raina ya shiga ya dahu, ɗakinsa ne, ni ba zan bi shi ina roƙo ba. Na kira shi sau ɗaya, bai amsa ba. Sai na ji ƙarar sandarsa ta faɗi a siminti, wani abu mai nauyi ya biyo baya.

Ban san lokacin da na shiga ba. Numfashi ya gagare ni, zannuwan suna manne min a fuska, ina ture su ina kiran sunansa. Can jikin bango na same shi a kwance, baki a buɗe, idanu a rufe, farar rigar ta tattare. Na girgiza shi, ba motsi. Na sa hannuwa a hammatarsa na fara ja da baya, da baya, ga shi ƙashi ne kawai amma nauyi kamar buhun siminti. Garin juyawa dantsena ya manne da bututu, na ji fatar ta kama, ban sake shi ba. Kuka nake yi sosai, ina cewa kada ya yi min haka, kada ya mutu a hannuna a wannan ƙazamin ɗakin. Da na fito da shi masu guga suka yo kanmu, wata da ruwa a roba, wata tana yi masa fifita da tawul, wata ta ruga kiran manaja.

Ruwan bai ma taɓa shi ba ya buɗe ido. Idanu tar, ba alamar wanda ya suma. Ya tashi zaune da kansa, ya gyara rigarsa, ya ce wata ta shiga ta ɗauko masa sanda. Sannan ya dube ni, ya dubi ƙunar da ke dantsena, ya gyaɗa kai.

"Kin ci," ya ce. "Da yayanki ne, tsayawa zai yi yana kiran mutane."

Mai gugar nan ta ɗazu ta ajiye robar ruwan ta ce, "Wai da gangan ya yi?" Manajar da ta iso tana haki ta ji abin da ya faru, ta wanke shi tas. Ta ce da ya mutu mata a ɗaki wa zai tsaya mata, ta ce ta ga tsofaffi iri-iri amma ba ta taɓa ganin mugu irinsa ba, ta ce in fitar mata da shi kafin ta sa mai gadi ya ɗauke shi cak. Ni kuma ta kama min hannu ta zuba wa ƙunar ruwan sanyi, tana yi min wani kallo na tausayi da ya fi zagin ciwo.

Abin da ya fi ƙona min rai ba ƙunar ba ce. Lokacin da ya ce na ci, wani abu a ƙirjina ya yi tsalle don murna, kamar kare da aka jefa wa ƙashi. Ga ni da aurena da 'yata da furfura ta fara leƙo min, ashe har yanzu wannan kalmar nake jira. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina.

Shi kuwa a mota sai fara'a. Rabon da in ji shi yana surutu haka na manta. Ya ce bututun na asali ne, shi ya sa har yanzu suke aiki. Ya ce in daina ɓata rai, ai ba zai kai kansa gidan da bai gwada ba, mutum ya san a hannun wa zai tsufa.

"Da ka mutu da gaske fa?"

"Na san ɗakina. Ƙasa-ƙasa ba zafi sosai." Ya gyara zama, ya ɗora sandar a cinya. "Yanzu saura ƙaramar."

"Wace ƙarama?"

"'Yarki. Wannan i'inar tata ba ciwo ba ne, lallaɓawa ce ta yi yawa. Ke da mijinki kun sa ta a inuwa, in ta buɗe baki kuna ƙarasa mata magana. Ki bar min ita in ta dawo daga makaranta, kafin ki taso daga aiki. In ta nemi ruwa ba za ta samu ba sai ta faɗe shi tiryan-tiryan. Wata ɗaya ya isa a ga abin da ke cikinta, ko ta miƙe ko a san matsayinta."

Ya faɗi haka ne a natse, da kyakkyawar niyya, yadda wani kakan zai ce zai koya wa jikarsa keke. Mun iso shatale-talen da ake karyawa dama a shiga unguwarmu. Na zagaye shi gaba ɗaya na koma hanyar da muka fito.

"Kin wuce kwanar," ya ce.

"Na sani."

Mukullin gidan hayar yana jakata, da ma sai washegari zan mayar wa mai gidan. Na buɗe, na shigar da jakarsa, na shimfiɗa zanen gado a kan katifar da muka bari. Na fita na yi magana da maƙwabcinsa, wani tela da ke aiki a shagon da ke jikin gidan, ya yarda zai dinga leƙa shi da rana kafin in samo wanda zai riƙa kwana da shi. Da na dawo na tsaya a gabansa na gaya masa yadda za a yi. Zan zo da safe kafin aiki, zan zo da yamma. Abinci, magani, wanki, asibiti, duk a wuyana. Amma gidana ba zai zauna ba, kuma ba zan taɓa barin 'yata da shi su biyu ba, ko na minti ɗaya.

Na shirya wa faɗa, na shirya wa tsinuwa ma. Sai ya yi murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Gwada ni kike yi," ya ce. "To madalla, kin ɗauko hannu. Je ki, zan jira."

"Ba gwaji ba ne, Baba."

"Ai haka ake cewa."

Na bar shi a bakin katifa na tafi ɗauko 'yata daga makaranta. A hanya ta ga dantsena ta tambaye ni me ya same ni, ta daɗe tana kokawa da kalmar farko, na rage gudu na jira ta har ta fito da ita.

Watanni ke nan yanzu. Ina zuwa safe da yamma kamar yadda na ce. Bai taɓa yin ƙorafi ba, bai taɓa roƙo ba, yana cin abin da na kawo, yana gaishe ni kafin in gaishe shi. Kayansa kuwa ya ƙi yarda a jera su a ɗakin. Duk abin da ya ciro ya yi amfani da shi sai ya ninke ya mayar cikin jaka ya zuge, ya ajiye ta kusa da ƙofa. Jiya da yamma ina ɓare masa ƙwayoyinsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni a hankali ko har yanzu bai ci ba. Na miƙa masa ruwa na ce ya sha maganinsa.